Darasi na Tara: Lambobi da Halayensu

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. bambance cika da mara, ku kuma yi amfani da su wajen kama kuskuren lissafi;
2. gane ko lamba za ta rabu gida 2, 3, 5, 9 ko 10 tun kafin ku fara rabo;
3. tace lambobi gagara-raba daga 1 zuwa 100;
4. gane lambobin murabba'i da na alwatika, ku yi aiki da su a gona da kasuwa;
5. bayyana kamilar lamba da aminan lambobi;
6. gina hatimin lissafi, fannin da wani malamin ƙasar Katsina ya yi suna a kansa.

Kayan aiki: tsakuwa ko ƙwayar wake guda 50, fensir, da takarda mai gidan dara.

Shimfiɗa

Lambobin da za mu yi magana a kansu su ne na ƙirga: 1, 2, 3, 4, har abin da ya yi sama. Da su muke ƙirga awaki da buhuna da 'ya'ya, babu rabi babu kwata. A ido duk kamarsu ɗaya, amma kowace da halinta. Wata tana rabuwa ta hanyoyi da yawa, wata kuwa ko an kwana ana juya ta sai an bar saura. Wanda ya san halin lamba yakan san yadda rabo zai kaya tun bai taɓa kayan ba, kuma da wuya a cuce shi a lissafi.

1. Cika da mara

Manomin Kusada ya san shanun huɗa bibbiyu ake ɗaura su. In ƙungiyar manoma tana da shanu 14, garma 7 za su fita aiki. In 15 ne, garma 7 ɗin dai za su fita, sa ɗaya ya wuni a turke.

> MA'ANA
> Cika: lambar da ke rabuwa gida biyu daidai ba saura, kamar 2, 14, 60.
> Mara: lambar da in an raba ta gida biyu ake samun saura 1, kamar 3, 15, 99.

Ba sai kun raba ba. Ku dubi alƙalamin ƙarshe kawai. In 0, 2, 4, 6 ko 8 ne, lambar cika ce. In 1, 3, 5, 7 ko 9 ne, mara ce. Raka'o'in Asuba 2 cika ne, na Magariba 3 mara ne.

Wajen tarawa akwai ƙa'idoji uku:

- cika da cika suna ba da cika (8 + 6 = 14);
- mara da mara suna ba da cika (7 + 5 = 12), domin saura ɗayan wannan ya sami abokin tafiya a saura ɗayan wancan;
- cika da mara suna ba da mara (8 + 5 = 13).

*Misali na 1.* Wani ɗan kasuwa ya sayi masara a wurare uku: buhu 37, buhu 45 da buhu 28. Yaron mota ya ce jimla 111 ya loda. Shin maganarsa daidai ce? 37 mara ce, 45 ma mara ce, haɗuwarsu cika. A ƙara 28, wadda ita ma cika ce, dole jimla ta zama cika. 111 kuwa mara ce, saboda haka akwai kuskure. Da aka sake tarawa sai aka sami 110.

A lura: wannan dabara tana nuna cewa an yi kuskure, amma ba ta tabbatar da cewa an yi daidai. Da yaron ya ce 112, da ba ta kama shi ba.

2. Masu raba lamba

> MA'ANA
> Mai raba lamba: duk lambar da ta shiga cikin wata ba tare da saura ba. Masu raba 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12.

Ga alamomin da ke nuna lamba za ta rabu:

- gida 2: in cika ce;
- gida 5: in ta ƙare da 0 ko 5;
- gida 10: in ta ƙare da 0;
- gida 3: in jimlar alƙalumanta tana rabuwa gida 3;
- gida 9: in jimlar alƙalumanta tana rabuwa gida 9.

*Misali na 2.* An tara gero mudu 234 za a raba wa gidaje 9. Zai rabu daidai? A tara alƙaluman: 2 + 3 + 4 = 9. Zai rabu, kowane gida mudu 26.

Me ya sa haka ke aiki? Kowane 10 tara ne da ɗaya, kowane 100 kuma 99 ne da ɗaya. To a cikin 234 akwai ɗari biyu, wato 99 sau biyu da rarar 2. Akwai goma uku, wato 9 sau uku da rarar 3. Sai kuma 4. Su 99 da 9 ba su da matsala, suna rabuwa gida tara. Abin da ya rage shi ne rarar nan ta 2 da 3 da 4. In ita ta rabu, duka sun rabu. Ku gwada da yawan ƙananan hukumomin Najeriya, 774: jimlar alƙaluman 18 ce, saboda haka tana rabuwa gida 9, kowane kaso 86.

Wasu lambobin suna da masu raba su da yawa, shi ya sa mutane suka riƙe su tun da can. Ɗauki 60. Masu raba ta goma sha biyu ne: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 10, 12, 15, 20, 30 da 60. Mai son sauke Alƙur'ani izu 60 yana iya ɗaukar izu 2 kullum ya gama a kwana 30, ko 3 ya gama a 20, ko 4 a 15, ko 5 a 12, ko 6 a kwana 10, ba tare da wata rana ta fi wata nauyi ba. Ita ce kuma adadin mintocin awa ɗaya.

*Misali na 3.* A rabon gado ana maganar rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, wato kashi ɗaya cikin 2, 4, 8, 3 da 6. Mafi ƙanƙantar lambar da duk waɗannan ke raba ta ita ce 24, shi ya sa ake yawan jin ta a bakin malaman gado. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da ɗa namiji ɗaya, mahaifinsa kuma ya riga shi rasuwa. Bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, N240,000 ta rage. Sai a kasa kuɗin kashi 24, kowane kashi N10,000. Sumunin matar kashi 3 ne, N30,000. Sudusin mahaifiyar kashi 4 ne, N40,000. Sauran kashi 17, wato N170,000, na ɗan ne. Wannan misalin lissafi ne kawai. Rabon gado na haƙiƙa aikin malamai ne da alƙalai.

3. Lambobi gagara-raba

Wani manomi a Yashe ya sami dashen mangwaro 47, yana son ya jera su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa. Ku ɗebi tsakuwa 47 ku taya shi. Layi biyu, saura 1. Layi uku, saura 2. Layi biyar, saura 2. Layi bakwai, saura 5. Duk yadda kuka juya, ba mafita sai dogon layi guda mai 47. Amma da zai ƙara dashe ɗaya su zama 48, sai hanyoyi su buɗe: layi 2 na 24, ko 3 na 16, ko 4 na 12, ko 6 na 8.

> MA'ANA
> Gagara-raba: lambar da ta fi 1, wadda ba mai raba ta sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7, 47.
> Haɗaɗɗiya: lambar da ke da wani mai raba ta ban da 1 da ita kanta, kamar 4, 15, 48.

Lamba 1 ba ta cikin ko ɗaya daga rukunin nan biyu, domin mai raba ta ɗaya ne tak. Lamba 2 kuwa ita kaɗai ce cika a cikin gagara-raba, tun da duk wata cika 2 na raba ta.

Rariyar lambobi. Akwai tsohuwar hanyar tace gagara-raba da ake jinginawa ga Iratostinis, wanda aka haifa a ƙasar da yanzu ake kira Libiya, ya kuma shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ga yadda ake yi:

1. Rubuta 1 zuwa 100 a takarda mai gidan dara, goma-goma a layi. Soke 1.
2. Kewaye 2, sannan ka soke duk ninkinta: 4, 6, 8, har 100.
3. Kewaye 3, ka soke 6, 9, 12, har ƙarshe.
4. Yi haka da 5, sannan da 7.
5. Duk abin da ya tsira gagara-raba ne.

Za ku sami guda 25: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31, 37, 41, 43, 47, 53, 59, 61, 67, 71, 73, 79, 83, 89, 97.

Dalilin tsayawa a 7 shi ne, gagara-raba mai bi mata ita ce 11, kuma 11 × 11 = 121, ta wuce 100. Duk haɗaɗɗiyar da ba ta wuce 100 ba, dole ɗaya daga masu raba ta ya kasance 2, 3, 5 ko 7. A yi hattara da 91: tana kama da gagara-raba, amma 7 × 13 ce.

Gagara-raba su ne tubalan da aka gina sauran lambobi da su. Kowace haɗaɗɗiya ana iya warware ta zuwa gagara-raba da aka ninka da juna, kuma hanya ɗaya ce tak ga kowace lamba.

*Misali na 4.* A warware 60. Rabinta 30, rabin 30 kuma 15, ita 15 kuwa 3 × 5 ce. Ke nan 60 = 2 × 2 × 3 × 5. Ƙananan hukumomin Jihar Katsina 34 ne, wato 2 × 17. Shekarar samun 'yancin Najeriya, 1960, ita ce 2 × 2 × 2 × 5 × 7 × 7. Amma 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ba ta warwaruwa: gagara-raba ce. Haka ma 17, jimlar raka'o'in farilla na yini.

Shin gagara-raba suna ƙarewa? Yukilid, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya tabbatar da cewa ba su da iyaka. Hujjarsa mai sauƙi ce. A ce wani ya yi da'awar 2, 3 da 5 su ke nan. Ninka su: 30. Ƙara 1: 31. In ka raba 31 da 2 ko 3 ko 5, kullum saura 1. Ke nan ko ita kanta sabuwar gagara-raba ce, ko kuma akwai wata da ba a lissafa ba da ke raba ta. Kome tsawon jerin da aka kawo, wannan dabara za ta nuna akwai wadda aka bari a waje. Wata gagara-raba da aka gano da kwamfuta a watan Oktoba na 2024 tana da alƙaluma fiye da miliyan 41.

Gagara-raba suna da amfani a yau. Ninka manyan gagara-raba biyu abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, amma a ba ta amsar a ce ta gano waɗanne biyu aka ninka, wannan jan aiki ne. A kan wannan wahalar aka gina ɗaya daga hanyoyin kulle bayanai a intanet, wadda aka fito da ita a 1977, kuma bankuna na cikin masu amfani da irinta.

4. Murabba'i da alwatika

Mu koma wurin mai mangwaro. Da zai ƙara dashe biyu su zama 49, sai ya yi layi 7, kowane layi 7, tsawo da faɗi daidai.

> MA'ANA
> Lambar murabba'i: abin da ake samu in an ninka lamba da kanta: 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81, 100.

Ku ajiye tsakuwa 1. Ku ƙara 3 a gefenta da ƙasanta, ta zama biyu-biyu, 4 ke nan. Ku ƙara 5, ta zama uku-uku, 9. Ku ƙara 7, ta zama 16. Wato in aka tara lambobin mara a jere daga 1, kullum murabba'i ake samu: 1 + 3 + 5 + 7 = 16, wato 4 × 4. Mara goma na farko jimlarsu 100 ce, ba sai an tara ba.

Wani halin kuma: lambar murabba'i ba ta taɓa ƙarewa da 2, 3, 7 ko 8.

*Misali na 5.* A Kankiya an nuna wa wata mata filaye biyu. Na farko ƙafa 50 tsawo, 50 faɗi. Na biyu ƙafa 100 tsawo, 100 faɗi. Ta ɗauka na biyun ninki biyu ne na farko. A lissafa: 50 × 50 = 2,500, amma 100 × 100 = 10,000. Ashe ƙaramin zai shiga cikin babban sau huɗu. Duk lokacin da aka ninka tsawo da faɗi sau biyu, fili yana ninkuwa sau huɗu. Mai saye da mai sayarwa duk ya kamata su riƙe wannan.

Yanzu ku dubi yadda ake jera buhuna a jikin bangon sito: 4 a ƙasa, 3 a kansu, sannan 2, sannan 1 a ƙoli. Jimla 10, siffar kuma alwatika ce mai kusurwa uku.

> MA'ANA
> Lambar alwatika: jimlar lambobin ƙirga a jere daga 1. Su ne 1, 3, 6, 10, 15, 21, 28, 36, 45 da sauransu.

Akwai gajeriyar hanya: ninka lambar ƙarshe da mai bi mata, ka raba biyu. Ga buhunan nan, 4 × 5 = 20, rabinsa 10. Dalili kuwa, in ka kawo wani jerin irinsa ka kifa shi a gefen na farko, kowane layi zai zama 5, layukan kuma 4 ne. Jeri biyu 20, ɗaya 10.

*Misali na 6.* Wata mai sayar da ƙosai ta ƙudura tara kuɗi a asusu na kwana 30: ranar farko N100, ta biyu N200, kullum tana ƙara N100. Nawa za ta fasa? 30 × 31 = 930, rabinsa 465. A ninka da N100, ya zama N46,500.

In kun haɗa lambobin alwatika biyu maƙwabta, murabba'i za ku samu: 6 + 10 = 16, 10 + 15 = 25. Ku gwada da tsakuwa ku ga yadda alwatika biyu ke haɗuwa.

5. Kamila da aminai

Ɗauki lamba, ka fitar da masu raba ta ban da ita kanta, ka tara su. Yawanci jimlar takan gaza ko ta zarce. Ga 8: 1 + 2 + 4 = 7, ta gaza. Ga 18: 1 + 2 + 3 + 6 + 9 = 21, ta zarce. Amma 6 fa? 1 + 2 + 3 = 6, cif.

> MA'ANA
> Kamilar lamba: wadda jimlar masu raba ta, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita.
> Aminan lambobi: lambobi biyu da jimlar masu raba kowace, ban da ita kanta, take ba da ɗayar.

Kamilai ba su da yawa. Bayan 6 sai 28 (1 + 2 + 4 + 7 + 14), sai 496, sai 8,128, daga nan sai 33,550,336. Duk waɗanda aka gano cika ne, kuma kowace lambar alwatika ce: 28 ita ce jimlar 1 zuwa 7, 496 kuma jimlar 1 zuwa 31. Ko akwai kamila mara? Masana sun daɗe suna nema, ba a samu ba, ba a kuma tabbatar da babu ba.

Aminai mafi ƙanƙanta su ne 220 da 284. Masu raba 220, ban da ita kanta, su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, jimlarsu 284. Masu raba 284, ban da ita kanta, su ne 1, 2, 4, 71 da 142, jimlarsu 220. Sabitu bin Ƙurra, masanin da ya zauna a Bagadaza ya rasu a shekara ta 901, ya fitar da wata ƙa'ida ta nemo irin waɗannan aminai ta hanyar amfani da gagara-raba.

6. Hatimin lissafi da malamin Katsina

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi malami ne daga ƙasar Katsina, masanin lissafi da taurari. Ya tafi aikin hajji, daga bisani ya zauna a Alƙahira. Wajen 1732 ya kammala wani littafi da Larabci mai suna Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai layuka mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Har yau masu nazarin tarihin lissafi a Afirka suna ambaton aikinsa. Mu a nan fuskar lissafin kawai za mu duba.

> MA'ANA
> Hatimin lissafi: gidan dara mai tsawo da faɗi daidai, da aka cika da lambobi a jere, ta yadda jimlar kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, ta zama ɗaya.

Ga wata hanya mai sauƙi ta gina hatimi mai layuka mara:

1. Sa 1 a gidan tsakiya na layin sama.
2. Daga nan kowace lamba tana hawa gida ɗaya sama, ta matsa gida ɗaya dama.
3. In ta fita ta sama, ta koma gidan ƙasa na wannan layin tsaye.
4. In ta fita ta dama, ta koma gidan farko na hagu a wannan layin kwance.
5. In gidan da za ta shiga da mai shi, ko ta fita ta kusurwar sama ta dama, sai a sa ta a ƙarƙashin lambar da aka rubuta yanzu.

Mu bi a hankali. 1 tana sama tsakiya. 2 ta fita ta sama, sai ta sauko kusurwar ƙasa ta dama. 3 ta fita ta dama, sai ta koma hagu a layin tsakiya. 4 ta tarar da 1 a gidanta, sai ta zauna ƙarƙashin 3. 5 da 6 suka haura ba tangarɗa. 7 ta zauna ƙarƙashin 6, 8 ta koma hagu, 9 ta sauko ƙasa.

| | | |
|---|---|---|
| 8 | 1 | 6 |
| 3 | 5 | 7 |
| 4 | 9 | 2 |

Ta duk inda kuka tara, 15 ce. Abubuwan da muka koya duk sun hallara a nan. Gidajen 9 ne, lambar murabba'i. Jimlar 1 zuwa 9 ita ce 45, lambar alwatika, kuma in an raba ta ga layuka uku kowane ya sami 15. Kusurwoyi huɗu duk cika ne, sauran gidajen mara. Ta tsakiya, 5, in an ninka ta da yawan layuka, ita ma 15 take bayarwa.

Shekara ɗaya bayan rasuwar al-Kashinawi, a 1742, wani masani Bajamushe mai suna Goldbach ya kawo wata magana da ta zama sanannen ƙalubale: kowace cika da ta fi 2 jimlar gagara-raba biyu ce, kamar 10 = 3 + 7, ko 34 = 5 + 29. An gwada da kwamfuta a kan lambobi masu ɗimbin yawa ba ta saɓa ba, amma har yanzu ba wanda ya kawo hujjar da ta game dukkan lambobi.

Taƙaitawa

- Alƙalamin ƙarshe ke nuna cika ko mara, da rabuwa gida 5 ko 10.
- Jimlar alƙaluma ke nuna rabuwa gida 3 ko 9.
- Gagara-raba ba su da iyaka, kuma da su aka gina sauran lambobi.
- Tara mara a jere yana ba da murabba'i. Tara lambobin ƙirga a jere yana ba da alwatika.
- 6 da 28 kamilai ne. 220 da 284 aminai ne.

Tambayoyin bita

1. Ware cika daga mara: 76, 135, 999, 2,008.
2. Ba tare da tarawa ba, jimlar 53 + 29 + 41 cika ce ko mara? Kawo dalili.
3. Dawa mudu 531 za ta rabu daidai ga gidaje 9? Nawa kowane gida zai samu?
4. Kiret ɗin ƙwai yana ɗaukar 30. Rubuta dukkan masu raba 30.
5. Waɗanne ne gagara-raba a cikin 51, 53, 87, 89 da 91?
6. Warware 99 da 114 zuwa gagara-raba.
7. Me ya sa 3,528 ba za ta zama lambar murabba'i ba?
8. An jera buhunan taki a jikin bango, 15 a ƙasa, ana rage ɗaya a kowane hawa har zuwa 1. Buhu nawa ne?
9. Shin 12 kamila ce? Nuna aikinka.
10. Rubuta 40 a matsayin jimlar gagara-raba biyu ta hanyoyi uku.
11. Wane ne al-Kashinawi, kuma a kan me ya yi rubutu?

Aikin gida: Gina hatimi mai layuka biyar da lambobi 1 zuwa 25. Kafin ka fara, lissafa jimlar da kowane layi zai bayar.

Amsoshi don duba kai: (1) cika: 76, 2,008; mara: 135, 999. (2) Mara, domin mara biyu sun ba da cika, an ƙara mara. (3) Za ta rabu, mudu 59. (4) 1, 2, 3, 5, 6, 10, 15, 30. (5) 53 da 89. (6) 3 × 3 × 11. 2 × 3 × 19. (7) Ta ƙare da 8. (8) 120. (9) A'a, jimlar 16 ce. (10) 3 + 37, 11 + 29, 17 + 23. Aikin gida: kowane layi 65, kuma 13 ce za ta faɗa gidan tsakiya.